Tururuwa da Ilmin Sansana: Jawabi ga Taron Ɗalibai



Maganar da zan yi yau a kan ƙwaƙwalwar tururuwa ce. Na ga waɗansu sun yi murmushi, watau suna tambayar ko tururuwa tana da ƙwaƙwalwa. Tana da ita, ko da ya ke ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma babban aikinta sansana ne.

Tururuwa ba ta da hanci irin namu. Da 'yan ƙahonin nan biyu na kanta take shinshina, da su take gane 'yar gida da baƙuwa, da hanyar abinci, da alamar haɗari. Saƙon yakan bi jijiya ya sauka a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai cike da 'yan dunƙule, kowane dunƙule da irin warin da ke motsa shi. Ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace yana da dunƙule wajen 50, ƙudan zuma wajen 160, amma waɗansu irin tururuwa sun haye 400. A shekarar 2017, a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, Daniel Kronauer da abokan aikinsa suka lalata ƙwayar gado guda wadda sansana ta dogara a kanta. Tururuwan da aka samu ba su iya bin sawun 'yan'uwansu, sukan bar taro su yi ta gantali, sa'an nan yawancin dunƙulen nan ma ba su tsiro ba sam.

To, ina sirotonin ya shigo? Sinadari ne da jijiyoyi ke fitarwa, mu ma muna da shi, an kuwa raɗa masa sunan nan a 1948. Ƙwayoyin jijiya masu fitar da shi a sashen sansana 'yan ƙalilan ne ƙwarai. A wani malam-buɗe-littafi na dare, wanda tsutsarsa ke cin ganyen taba, ƙwaya ɗaya tak ce a kowane gefe, amma ta miƙa rassa cikin dunƙulen duka. Ba ta kawo labarin wari ko ɗaya. Aikinta ya fi kama da makunnin rediyo da ake murɗawa a ƙara murya ko a rage: idan sirotonin ya yawaita, sai sauran jijiyoyi su ƙara saurin amsawa, ɗan warin da a da ba a kula da shi ba ya zama abin kulawa.

An gwada wannan a kan tururuwa kanta. A Jami'ar Boston, James Traniello da ɗalibansa sun nuna a 2005 cewa sirotonin yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwar wata tururuwa mai suna Pheidole dentata yayin da take manyanta, lokacin da take barin reno a cikin rami ta fita neman abinci. A 2012 suka rage wa waɗansu sinadarin da magani. Sawun yana nan, warinsa bai sāke ba, ƙahoni lafiya lau, amma bin da suka yi masa ya gajarta.

A ganina nan ne gishirin maganar. Mun saba ɗaukar ƙwaro kamar na'ura, ya ji wari ya bi, shi ke nan. Ashe wari ɗaya yana iya jan wannan tururuwa ya bar waccan, gwargwadon shekarunta da halin da ke cikin kanta.

Kada ku ce wannan wasan Turawa ne da bai shafe mu ba. A 2009 masana a Ingila suka nuna sirotonin ne ke juya farar hamada daga mai gudun 'yan'uwanta zuwa mai son taro, cikin sa'a biyu kacal. Duk wanda iyayensa suka taɓa ganin dango ya sauka a gonar gero ya san kuɗin wannan sa'a biyu. Masu karatun ilmin halittu da aikin gona a cikinku, ga fili nan, ga tururuwa da kiyashi da cinnaka a bakin ɗakunan kwananku.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure.