Maganin Hawan Jini da Fatar Jikinka



Abin da zan yi muku bayani a kai yau shi ne alamun da wasu magungunan hawan jini da na ciwon zuciya kan fitar a fatar mutum. Sau da yawa mai shan magani yakan ga ƙuraje ko ƙaiƙayi, sai ya watsar da maganin ba tare da ya koma wurin likita ba. Wannan kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin hawan jinin da aka bari ba magani shi ke jawo shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda.

Da farko akwai hydrochlorothiazide, watau ƙwayar nan mai sa yawan fitsari. Takan sa fata ta kasa jure zafin rana, har ƙuraje su feso a fuska da wuya da hannuwa. Manomi da ɗan kasuwa sai su sa malafa da riga mai dogon hannu. Amlodipine da nifedipine kuma sukan kumbura idon sawu, wani lokaci har da dasashi. Amiodarone, wanda ake bayarwa domin daidaita bugun zuciya, yakan mai da fatar fuska ruwan toka idan an daɗe ana sha. Duk waɗannan, a ci gaba da shan maganin, a je a nuna wa likita, shi zai rage ko ya sauya. Musamman atenolol da propranolol, tsai da su farat ɗaya yana iya tayar da ciwon ƙirji.

Amma akwai alama guda wadda ba a jira da ita. Lisinopril da enalapril da captopril sukan sa leɓe ko harshe ko maƙogwaro su kumbura, ko da mutum ya shekara yana sha lafiya lau. Wannan ya fi samun baƙar fata. Wanda ya ga haka kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, domin numfashi na iya toshewa. Haka nan idan fata ta fara saɓulewa, ko baki da idanu suka yi gyambo tare da zazzaɓi.

Daga ƙarshe, ina roƙonku kowa ya san sunan maganinsa, ya kuma tafi da kwalinsa duk sa'ad da za shi asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya.