Mai diplom ba aiki, mai aiki ba diplom: maganar da na yi wa matasa da iyaye a Maraɗi

An ce in yi magana kan karatu da aikin yi, to zan fara daga cikin gidanmu, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Yara biyu suka tashi a hannun mahaifiyata: ƙanena da ɗan kawunmu. Rana ɗaya aka sa su lakkwal. Ƙanena ya ci BEPC, ya ci BAC, ya shiga jami'a har ya fito da lisans. Ɗan kawuna kuwa a CM2 ya tsaya, aka kama hannunshi aka kai shi gareji, gida ana ta jimami kamar an yi rashi.

Yau shekara huɗu ke nan ƙanena yana kabu-kabu. Ba ofishin da bai kai takardunshi ba, ko'ina magana ɗaya ce: "Ka taɓa yin aikin? Muna son wanda ya yi shekara biyu." To a ina zai yi shekara biyun in ba wanda ya buɗe mishi ƙofar farko? Shi kuma ɗan kawuna, injin ban ruwa ko a cikin duhu yana kwance shi ya mayar. Amma da wani shiri na raya karkara ya nemi masu gyaran injuna, sai aka ce ya kawo shaidar koyon sana'a. Ba shi da ita. Aka ɗauko wani daga nesa, kuma wallahi daga baya wancan ɗin wurinshi yake zuwa tambaya.

Abin da ya sa na kasa barci shi ne wannan: in babur ɗin ƙanena ya lalace, wurin ɗan kawuna yake turo shi. In ɗan kawuna zai rubuta takardar kuɗin aiki da Faransanci, ƙanena yake kira. Kowane yana riƙe da rabin abin da ake nema, kuma mu muka raba su tun suna yara.

Na ce mu, saboda da hannuna a ciki. Na yi koyarwa a firamare, kuma sau nawa na ɗaga murya na ce wa yaro: "In ba ka yi karatu ba gareji za a kai ka!" Na mai da sana'a horo. Ƙanena ma da ya so zuwa gareji lokacin babban hutu, ni na hana, na ce ɗan lise ba ya shafa baƙin mai. Allah ya yafe mini.

Daga ina wannan tunani ya zo? Makarantar da muka gada wurin Turawan mulkin mallaka an gina ta ne don ta fitar da masu rubutu a ofis da tafintoci. Bayan samun ƴancin kai a 1960, masu karatu kaɗan ne, duk wanda ya gama gwamnati na jiran shi. Wannan zamani ya wuce tun shekarun 1990. Ƙidayar 2012 ta same mu mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Wace gwamnati ce a duniya za ta iya ba wannan taro kujera da tebur? Amma har gobe muna tura yara kan hanya ɗaya tak, wanda ya faɗi a gefe mu ce ya lalace. Sai mu zo muna mamakin cikar fada da masu shayi, da tafiya Libiya da Aljeriya, da ramukan zinari na Jado.

Kada wani ya ce ba a yi komai ba. Nan Maraɗi akwai lise teknik ta Ɗan Kasawa, akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Damagaram da Tawa kowace da jami'arta. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a cikin gundumomi, akwai makarantun CET, akwai asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a, akwai hukumar ANPE ta masu neman aiki, kamfanoni kuma suna biyan harajin koyon sana'a. Ɗakuna an gina su. Ƙofofin da za su haɗa wannan ɗaki da wancan ne babu.

Kuma aikin yana nan. Ku je Galmi da Madawa ku ga yawan albasar da ke ruɓewa a rudu don rashin wanda ya san ajiyar zamani. Fatar jar akuyarmu ta Maraɗi duniya ta san ta, amma mafi yawanta fita take yi ba a mai da ita takalmi ko jaka a nan ba. Rijiyoyi masu aiki da sola sun shiga ƙauyuka, in suka tsaya sai a yi makonni ana jiran mai gyara daga birni. Matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011, ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin. Duk waɗannan suna son mai walda, mai haɗa wuta, mai gyaran famfo, mai riƙe lissafi. Wa ya taɓa shiga ajin troisième ya gaya wa yaranmu haka?

Don haka abu huɗu nake roƙo mu riƙe.

Na ɗaya, a nuna wa yaro hanyoyi tun bai faɗi ba. Kafin jarrabawar BEPC, kanike da tela da manomin rani da ma'aikaciyar asibiti su shigo aji su faɗi abin da suke yi, da abin da suke samu, da hanyar da suka bi. Ƴan mata kuma a daina tsare su kan ɗinki da saƙa kaɗai. Hannun da ya iya zare allura ya iya gyaran salula da haɗa sola.

Na biyu, kada ɗalibi ya karɓi diplom bai zauna wurin aiki na gaske ba. Makaranta ce ya kamata ta nemo mishi wurin istaj, da yarjejeniya a rubuce da ɗan kuɗin mota. In an bar wa yaro neman, ɗan mai hanya ne kaɗai zai samu.

Na uku, yaron gareji ya samu takarda. A gwada shi kan aikin hannunshi gaban gwanayen sana'ar, in ya iya a ba shi shaidar da hukuma ta yarda da ita. A haɗa mishi da karatu da lissafi da yamma, kuma a bar mishi tsani: in yana so ya hau zuwa CAP, ya wuce gaba, kada a ce shekarunshi sun wuce.

Na huɗu, kowace cibiyar horo ta manna a ƙofarta: bara mutum nawa muka yaye, nawa ke aiki yau, a ina. Bikin raba takardu da hotuna a Facebook ba ya ciyar da kowa. In cibiya ta yi shekara biyar tana yaye teloli a garin da teloli suka fi masu ɗinki yawa, a canza abin da take koyarwa.

Ku iyayen gidan sana'a da ke nan, da girmamawa nake faɗa: ku ne kuka fi kowace makaranta yaye yara a ƙasar nan, Allah ya saka. Amma kada yaro ya yi shekara bakwai yana wanke ƙarfe da sayo shayi. A yanka lokaci, a faɗi abin da zai iya kowace shekara, in ya iya a sallame shi da albarka.

Mu kuma kada mu tashi da tafi kawai. Kowa ya ɗauki unguwarshi cikin wannan wata, ya ƙirga gareji nawa, shagon walda nawa, kafinta nawa, yara nawa ke koyo, wane maigida zai karɓi ɗalibi ɗaya lokacin hutu. Mu haɗa sunayen mu kai ofishin magajin gari da wurin shugabannin makarantu. Da takarda a hannu magana ta fi nauyi.

Ƙanena da ɗan kawuna yanzu suna shawarar kama shago ɗaya, wannan da ƙarfe, wancan da alƙalami. Sai da suka ɓata shekaru kafin su gane. Ƴata tana CM1 bana, kuma hutun nan da kaina zan kai ta shagon gyaran sola na unguwarmu.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba ƙasarmu lafiya.