Rangwamen haraji da mai jinyar da ba ta da albashi

Yau daga gida Sanyinna nake magana, kuma da labarin gidanmu zan fara.

Shekara huɗu ke nan da mahaifinmu ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ni ina jami'a a lokacin, yayyena maza suna neman abinci a Legas. Wa ya rage? Ƙanwata. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi ta ajiye karatu ta dawo taya Inna, don Inna ƙarfi ya ƙare. Ita ce dama kunu, ita ce wankin shimfiɗa, ita ce tashin dare, ita ce rakiya asibiti Sakkwato. Mu muna turo kuɗi ana sa mana albarka. Ita kuwa ta ba da shekarunta huɗu, ba wanda ya taɓa lissafa su. Ni na gama digiri, ita ba ta gama ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Ka zaga Sanyinna, ka je Tambuwal, ka shiga ƙauyukan Kebbe, za ka tarar da mace tana jinyar tsoho ko yaro mai lalura. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan aikin da ba a biya. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 29 ga Oktoba ta zama ranar kulawa da tallafi.

To, me wasu ƙasashe suke yi? Kanada tun 2017 tana rage wa mai kula da ɗan uwa mara lafiya harajin da zai biya. Mu ma nan, a tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga, an taɓa cire naira 2,000 daga abin da ake lissafa wa haraji saboda kowane ɗan uwa da kake ɗauke da shi, iyaka mutum biyu. A shekara fa! Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, ta kuma kawo rangwamen kuɗin haya. Mai jinya dai ba ta samu gurbinta ba.

Sai abokaina suka ce mu tashi mu nemi a saka mata rangwame. Na ce ina tare da ku, amma ku tsaya mu yi lissafi. Rangwame ragi ne a kan abin da za ka biya. Ƙanwata ba ta da albashi. Me za a rage mata? Ko mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a shekara 840,000 ke nan, da ma harajin bai wani taɓa shi ba. Ka ga wanda zai mori rangwamen shi ne mai babban albashi a birni, mai turo kuɗi irina. Wadda ke riƙe da kwanon kunun ta tashi a tutar babu.

Shi ya sa nake cewa tallafin ya bi hannun da ke aikin. A Birtaniya, wanda ke jinyar wani aƙalla awa 35 a mako, idan ya cika sharuɗɗa, kuɗi ake ba shi duk mako. Kar ku ce wannan sai Turai. Nan Sakkwato, zamanin Gwamna Wamakko, an riƙa biyan masu lalura naira 6,500 a wata. Ke nan mun san hanya.

Abu uku nake roƙo. Na farko, hakimai da ma'aikatan lafiya na mazaɓu su yi rajistar masu jinyar da ta wuce wata shida. Na biyu, jiha ta biya musu inshorar lafiya ta hukumar SOCHEMA, su da majinyatansu, Hukumar Zakka da Waƙafi ta sa hannu. Na uku, ɗan majalisarmu na Kebbe da Tambuwal ya kai ƙuduri Abuja: in za a yi rangwamen, wanda ba ya biyan haraji a ba shi nasa a hannu.

Wani zai ce jinyar iyaye ibada ce, ba a biyan lada da naira. Gaskiya ne. Amma limami ma ibada yake, ba mu bar shi da yunwa ba.

Mu maza kuma, kar mu jira gwamnati. Ka karɓi kwanan jinya ko sau biyu a mako. Mu dai mun zauna da yayyena, mun raba kwana, mun haɗa kuɗin rajista. Ƙanwata za ta koma makaranta in sha Allah.

A gidanku wa ke jinya, kuma me ta bari saboda ita? Ku rubuto mana, ba sai kun faɗi suna ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa.