JIRGIN DA YA TSAYA A FARAKU

An ce in yi muku magana a kan jirgin ƙasa, tun da yake zancen hanyar Kano zuwa Maraɗi ya cika kasuwa. To, ni ba daga Kano zan fara ba. Daga Kwatano zan fara, gama can ne aka soma yi mana alkawarin jirgi, yau fiye da shekara ɗari ke nan.

A cikin 1900 Faransa ta kafa ƙarfen farko a Kwatano, bakin teku, cikin ƙasar Dahome wadda ake kira Benin tun 1975. Niyyarsu ita ce hanyar ta miƙe arewa har ta taɓa kogin Isa, shi ya sa aka riƙa ce mata Benin-Nijar. Ba injin ya yi aikin ba. Talakawa ne da aka kamo ta hannun sarakuna suka sare daji, suka ɗauki ƙasa da kwando a ka, gama ba a hana aikin tilas ba sai 1946. Kafin yaƙin duniya na fari hanya ta kai Sabe, sa'an nan ta kwanta barci. Sai 1936 ta isa Faraku, kilomita 438 daga teku. Ku lissafa da kanku: shekara 36, watau kilomita 12 da ƴan kai a shekara. Ko jakin ɗan koli ya fi haka a wuni guda.

A nan ta tsaya. Daga Faraku zuwa Malanbil, inda ake ƙetarowa Gaya, saura wajen kilomita 320, ba a ƙara ko taki ba. Me ya sa? Abin da Nasara yake so a Dahome shi ne manja da ƙwarar kwakwa, kuma a kudu suke. Da hanya ta wuce inda kayan suke, sai lissafinsa ya ce ba riba. Haka ya yi ko'ina. Hanyar da ta tashi daga Abijan a 1904, ita ma da sunan Nijar a goshinta, ta kai Bobo a 1934, ta kai Wagadugu a 1954, ba ta ko hango kogi ba. Ku dubi taswira a lakkol, za ku ga kowace hanya tsaye take ita kaɗai, ƙafa a ruwa, kai a gona, kamar tsinken da aka zura cikin ƙwarya ana tsotsa. Babu wadda aka yi domin wannan gari ya ziyarci wancan.

Mu kuwa gyaɗarmu ta san hanyarta tun tuni. Ingilishi sun kai jirgi Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, saboda haka raƙuma da jakuna, daga baya kamyo, can suka nufa da buhuna, jirgi ya kwasa zuwa Ikko. Wannan bai yi wa Faransa daɗi ba, domin kuɗin dako yana shiga aljihun Ingilishi, ga shi kuma jirgin Kano ya kasa ɗauke nasa kayan har buhuna suka zama dala. Sai a cinikin gyaɗa na 1953 zuwa 1954 suka fito da dabarar da suka kira Hirondel, watau tsattsewa. Kamyo ya sauka Faraku da gyaɗa, ya komo da siminti da mai da yadi, yana kai da kawowa kamar tsuntsuwar. Daga Maraɗi zuwa Faraku kusan kilomita 1000 ne a mota, kafin a ce an ga jirgi. Aka kafa asusu domin cike gibin kuɗin dako. Ni dai a ganina wannan ba maganin ciwo ba ne. An karkatar da buhu ne kurum don ya bi ta ƙofar mai gida, manomi kuwa ko ta ina aka bi, a kan sikeli ake cire masa tsawon hanya.

Abu ɗaya da ya kamata mu tuna da alheri shi ne yajin aikin ma'aikatan jirgi, daga 10 ga Oktoba 1947 zuwa 19 ga Maris 1948. Daga Dakar har Kwatano suka ajiye aiki, suna neman a daina raba ma'aikata gida biyu, baƙi daban farare daban. Wata biyar suka jure yunwa.

A 1959, ana gab da samun ƴancin kai, Dahome da Nijar suka haɗa hannu suka kafa hukuma guda mai riƙe da jirgin, OCDN, wadda ta koma OCBN daga baya. Ashe mun zama masu rabo a jirgin da bai taɓa taka ƙasarmu ba! Kada kuma mu ɗora wa Nasara laifi duka. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuɗi sun shigo. Mutanen Tawa sun ga yadda aka shimfiɗa kwalta har Arlit domin gangunan su sauka Faraku su hau jirgi. Ƙarfen dai yana inda aka bar shi a 1936. Da wagunan suka tsufa, fasinja suka koma mota, har aka daina jigilar mutane.

Sa'an nan sai labarin Doso. A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya soma shimfiɗa hanya daga Yamai, aka gina tasha, aka yi kiɗa. A cikin Janairu 2016 aka buɗe kilomita 143 zuwa Doso. Amma wani attajirin Benin, Samuel Dossou, ya ce shi aka fara ba aikin, ya kai ƙara, kotun ƙasarsa ta ba shi gaskiya a 2017. Aiki ya tsaya. An gina kan hanya, ga wutsiya a Faraku, tsakiya babu. Hanyar ba ta yi jigilar kaya ba, rairayi ya hau ta. Da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Yuli 2023, kamyo suka yi layi, farashin shinkafa ya tashi, kowa ya ga abin da ake nufi da ƙasa mai ƙofa ɗaya.

Yanzu mu komo kan namu. A cikin Fabrairu 2021 Najeriya ta aza harsashin hanyar Kano, Katsina, Jibiya, zuwa Maraɗi, kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Ina murna da ita, gama ita ce ta farko da ta bi sawun fatakenmu, ta haɗa dangi da dangi. Amma ga abin da ba a faɗa a kasuwa. Faɗin da ke tsakanin ƙarafa biyu ba ɗaya ba ne. Na Faransa, har da na Doso, mita 1 ne cif. Tsohon na Ingilishi mita 1 da milimita 67. Wannan sabon kuwa mita 1 da milimita 435. Watau jirgin da ya shigo Maraɗi, ko da an ja hanya har Doso, ba zai hau ƙarfen Yamai ba, sai an sauke kaya an sāke lodi. In ba a yi hankali ba, Maraɗi za ta zama Faraku ta biyu, ƙarshen hanyar wani.

Saboda haka ina roƙon kowane reshe, in wakili ya zo neman ƙuri'a, kada ku bar shi da "jirgi na nan tafe." Ku tambaye shi, daga Maraɗi sai ina? Damagaram, ko Kwanni da Tawa, kuma da wane faɗi? Ku tambaye shi yaranmu nawa aka tura koyon tuƙi da gyaran inji, domin kada mu tashi da leburanci kaɗai. Waɗanda hanya ta ci gonakinsu kuwa, magatakardan reshe ya rubuta sunansu da girman gonar da abin da aka biya, in an biya, ya aiko mana kafin taron wata mai zuwa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, za mu karanta.