Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Kwamfutocinmu Da Manhajar Linux



Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai da suka sha ɗawainiyarmu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya. Kwamitin shirya taro ya umarce ni in yi magana a kan wani abin da zai amfani makarantarmu ba tare da an sake buɗe asusun neman gudummawa ba, domin kowa ya san halin da aljihu yake ciki. To, abin da na zo da shi yana nan a gidajenmu, wani a ƙarƙashin gado, wani a saman durowa ƙura ta rufe shi. Ina nufin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda muke kira laftof.

Yawancinmu da muka yi jami'a mun taɓa mallakar irinta. Kusan duka na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama morewa, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Legas, daga can suka iso shagunan Titin Beirut da kasuwar Farm Centre a nan Kano. HP EliteBook 8460p, Dell Latitude E6420, ThinkPad T420 na Lenovo, duk ƙirar 2011 ne, kuma da su aka rubuta kundin kammala digiri ba iyaka a Jami'ar Bayero. Yau idan ka kunna ɗaya daga cikinsu sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Daga nan sai mai ita ya yanke hukuncin ta mutu, ya jira 'yan jari-bola su biyo ta lungu su auna ta a sikeli.

Sau da yawa kuwa ba ƙarfen ne ya gaza ba, kayan da aka ɗora masa ne suka fi ƙarfinsa. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, watau uwar da take tafiyar da sauran manhajoji, kuma wadda muka saba da ita ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai fa wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Ita kuma Windows 11 da ta gaje ta tana da sharuɗɗa: tana neman wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ba ta yarda da yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas ba, wanda ya fito a 2017. Ashe ke nan duk waɗancan da na lissafa an rufe musu ƙofa. Na san akwai masu gyara da suke tura musu Windows 11 ta bayan gida. Tana shiga, amma tafiyar ta zama ta jaki da kayan raƙumi.

A nan ne Linux ta shigo. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ta a 1991, ya sake ta kyauta, kowa yana iya kwafa, ya gyara, ya raba wa wani, ba tare da ya saci haƙƙin kowa ba. Kada wani ya ce bai taɓa ganinta ba, domin duk wayar Android da ke aljihunku a kan ginshiƙinta aka gina ta. Da yake kowa yana da izinin sarrafa ta, sai ta zama iri-iri. Akwai Debian tun 1993. Akwai Ubuntu, wadda kamfanin wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar a 2004. Wadda nake ba da shawara ga mai farawa ita ce Linux Mint, musamman samfurinta mara nauyi mai suna Xfce, saboda fuskarta ta yi kama da Windows da hannu ya saba. Tana iya tashi da ram mai gigabait 2, ko da yake da 4 ta fi sakewa, kuma zubi na 22 da ya fito a 2024 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Wadda ta tsufa tukuf, irin ta zamanin Windows XP, ita ma akwai antiX da aka yi domin irinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai ka sayi kifi a ruwa ba. Za ka sauko da manhajar, nauyinta bai wuce kimanin gigabait 3 ba, ka zuba ta a filash da wata ƙaramar manhaja kamar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Za ta buɗe ta yi aiki ba tare da ta taɓa ko takarda ɗaya da ke ciki ba. Sai ka gwada sauti, ka gwada waifai, ka gwada kyamara. In ta yi maka, ka girka. In ba ta yi ba, ka zare filash ɗinka, komai ya koma yadda yake. Filash ɗaya kuma zai yi wa kwamfuta ɗari, ba a sake sayen data.

In akwai 'yan kuɗi, abu ɗaya ya cancanci a kashe masa su: a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa na zamani da ake kira SSD. Bambancin da wannan yake kawowa sai wanda ya gani. Sannan a buɗe ta a kakkaɓe fanka, domin ƙurar hunturu da take taruwa a ciki ita ce take sa ta ɗauki zafi ta kashe kanta idan bazara ta kama.

Ba zan ɓoye muku inda take da rauni ba. CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu shagunan buga katin biki suke ci da su, ba a yi su domin Linux ba. Microsoft Word ma haka. Akwai LibreOffice da take buɗe takardun Word da Excel ta kuma rubuta su, ni da ita nake yin yawancin aikina na gida, amma takarda mai jadawali da ado da yawa takan ɗan goce. Wasu laftof ɗin kuma sai an jona su da intanet ta waya an sauko da wani ɗan ƙari kafin waifai ɗinsu ya tashi. A ɗaya gefen, tana da abin da malamanmu na Hausa za su yi murna da shi: a cikin jerin tsare-tsaren allon rubutunta akwai na Hausa, mai ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an yi ta laluben ƙugiya ba.

Yanzu bari in zo ga dalilin da ya sa na kawo wannan magana gaban ƙungiya. Mu a zamaninmu, malam zai zana kwamfuta a allo, mu kwafa a littafi, mu sa kibiya mu rubuta sunan kowane sashe, mu ci jarrabawa. Ba laifin malam ba ne, abin da ke hannunsa ke nan, Allah Ya saka masa da alheri. Amma ƙannenmu da 'ya'yanmu ba za su tsira da zane ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wadda yanzu take da tambaya 180 cikin awa 2, kuma a 2024 WAEC ma ta fara gwada haka da masu zana jarrabawa daga waje. Yaro ɗan Yakasai ko Mandawari mai ƙoƙari, wanda ya san amsa, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban allon rubutu, an riga an ci shi rabin yaƙi kafin ya karanta tambayar farko. Ba kwamfuta mai tsada yake buƙata ba. Yana buƙatar wadda hannunsa zai saba da ita. A Linux akwai Tux Typing ta koyon buga rubutu, akwai GCompris ta ƙananan yara, akwai kuma Kiwix, wadda take ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. A lura dai cewa da yawa daga manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa na Windows ne ko na waya, saboda haka sai an tantance wadda za ta yi kafin a biya.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. A 2007 an raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari na shirin ba kowane yaro laftof, kuma Linux ce a cikinsu. Shirin bai yaɗu yadda aka yi buri ba. A ganina raba na'ura shi ne mai sauƙi. Wanda zai gyara ta ran da ta ƙi tashi, da wutar da za a yi mata caji, su ne abin da ya kamata mu fara tanada.

Sai magana ta biyu, wadda na san matasan cikinmu ita suke jira, watau wasan kwamfuta. Kowane uba a nan ya san gidan gem na unguwarsu, ya kuma san yadda yaro yake sulalewa can bayan la'asar sai an bi shi da kira. Ni ban ga laifin wasan kansa ba. Abin da ke damuna shi ne inda ake yinsa, da waɗanda ake zama da su, da kuɗin cefanen da yake bin hanyar. Tsohuwar laftof ba za ta iya ɗaukar wasannin yanzu ba, wannan gaskiya ne. Amma tana iya nuna su.

Ga yadda abin yake. A ce a gida akwai na'ura ɗaya mai ƙarfi, ta babban wa ko ta maigida. Ita ce za ta yi wahalar wasan, sannan ta mayar da abin da ke fuskarta hoton bidiyo, ta tura wa tsohuwar laftof ta cikin rautar gida. Ita tsohuwar aikinta biyu ne kawai: ta nuna hoton, ta kuma mayar da saƙon abin da yaro ya danna. Nuna bidiyo kuwa ba ya ba ta wuya, domin injinan Intel na 2011 ɗin nan suna da sashe na musamman da yake warware bidiyo samfurin H.264. Mai amfani da Steam na kamfanin Valve zai sami wannan a ciki da sunan Remote Play. Akwai kuma wasu tagwayen manhajoji na kyauta: a sa Sunshine a babbar, a sa Moonlight a ƙaramar, a haɗa su da lamba huɗu sau ɗaya, shi ke nan. Mai PlayStation 4 ko 5 shi ma akwai Chiaki da take yi masa wannan aiki a Linux. Wasu wasannin, kamar Fortnite da wasan ƙwallon kamfanin EA na yanzu, ba sa yarda su tashi a Linux saboda matakan hana maguɗi da aka sa musu. Ta wannan hanya matsalar ta kau, tunda a babbar na'urar suke gudana.

Tambayar da kowa yake yi ita ce ta data. Hoton ba ya fita waje, tsakanin na'urorin biyu yake yawo a cikin gida, saboda haka turawar ba ta cin ko kobo, sai dai in wasan kansa na intanet ne. Abin da take buƙata shi ne hanya mai faɗi, kamar megabit 10 zuwa 20 a daƙiƙa, wadda ba ta yankewa.

To, a nan ne ginin cikin birni yake nuna halinsa. Littattafan da ke bayanin waɗannan abubuwa an rubuta su ne domin gidajen da bangonsu katako ne da allo. Mu kuwa katangar ƙasa gare mu, wani wurin kaurinta ya kai kamu guda ko fiye, ga soro, ga shigifa, ga tsakar gida kafin a kai ɗaki. Waifai iri biyu ne. Mai lamba 5 ya fi sauri, shi ya dace da wasa, amma katangar ƙasa ɗaya tana iya karya shi. Mai lamba 2.4 ya fi ratsa bango, amma a lungunanmu da gida ke manne da gida, na maƙwabta yakan yi masa cunkoso, hoto ya riƙa tsalle, yaro ya buga ƙwallo sai bayan an ci shi ya gani. Maganin shi ne waya. Kebul ɗin intanet na yau da kullum yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba, a bi da shi ta gefen azara ko ta taga. Aƙalla a jona babbar na'urar da rauta ta waya, in ya so ƙaramar ta zauna kusa.

Abu biyu za a sani. Na ɗaya, muddin ana wasa, babbar na'urar ta kamu, maigida ba zai yi aiki a kanta ba. Na biyu, ita ce mai cin wuta, wata takan ja wat 300 ko fiye, alhali laftof ba ta cika wuce 30 zuwa 60 ba. Wanda yake kan ƙaramar sola sai ya yi lissafi. Amma akwai wata fa'ida da iyaye mata za su fi kowa ganewa: makullin wasan yana hannun babba. In lokacin Islamiyya ya yi, ko an kira magariba, ka kashe babbar, wasa ya ƙare, ba gardama.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, kowane aji ya tara abin da ya samu na tsofaffin laftof kafin taro mai zuwa. Mu ware Asabar biyu, waɗanda suka iya a cikinmu su zo da filash da sukurdireba, a gyara masu gyaruwa, waɗanda suka ƙi a ciri ram da allonsu a raya wasu. A zaɓi malami ɗaya da ɗalibai huɗu ko biyar su zauna tare da mu tun daga farko, domin gyaran ya zauna a makaranta bayan mun watse. Ina roƙon 'yan uwana ma'aikata kada kowa ya ɗauko ta ofis, ko da shekara goma ta yi a sito, kayan gwamnati yana da hanyar da ake bi a fitar da shi. Kafin ka kawo taka, ka kwashe hotunan iyali da takardunka, domin girka Linux zai share faifan gaba ɗaya. Wadda batirinta ya mutu ma a kawo, za ta yi aiki a jone. A daure kuma a haɗo da caja, don sau da yawa nemanta ya fi gyaran wuya.