Wa Zai Gaskata Lebura In Ya Ce Ya Ji Ciwo?



Maganarmu ta yau a kan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki take, wanda ya zo neman diyya aka tsaya ana auna ko gaskiya yake faɗi.

Dokar diyyar ma'aikata ta Nijeriya ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a wani asusu da ke hannun hukumar NSITF. Ba a ce sai ma'aikaci ya nuna laifin maigidansa ba. Abin da ake so kurum shi ne a tabbatar raunin ta dalilin aiki ya same shi. To, a nan fa ake yin ta. Yatsan da inji ya datse ba ya bukatar shaida. Amma ciwon baya fa, ko kurumtar da ƙarar inji ke jawowa sannu a hankali? Waɗannan ido ba ya ganinsu, galibi sai abin da mai su ya faɗa.

Saboda haka masu bincike kan duba ko ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, kamar yadda doka ta ce, kuma ko labarin da ya ba helma shi ne ya ba likita, shi ne kuma aka rubuta a takardar neman diyya.

Mu ɗauki misalin leburan da bayansa ya riƙe yana ɗaukar buhun siminti. Ba zai faɗa ba a ranar, domin an rene shi a kan namiji ba ya raki, ga kuma tsoron kora. Sai ya daure, ya nemi maganin gargajiya, wanda ba ya zuwa da kati balle kwanan wata. Bayan mako 3, da abin ya ci tura, ya tafi asibiti. Ya yi bayani da Hausa, a rubuta da Turanci. Akawu kuma ya rubuta nasa dabam, ya miƙo masa ya dangwala yatsa a kan abin da bai iya karantawa ba. Ran da aka buɗe fayil sai a ga labari iri biyu da jinkirin mako 3, a ce maƙaryaci ne, alhali kuwa magana ɗaya ya yi, alƙaluma ne suka saɓa.

Ba mu ce babu masu ƙarin gishiri ba. Akwai su, kuma suna ɓata wa na kirki suna. Amma mun lura ba a cika tambayar maigida ba, shi da doka ta ba kwana 7 ya kai wa hukuma rahoto.

Da yawa daga cikinmu gobe mu ne za mu zauna a waɗannan tebura. Roƙonmu shi ne, kafin mutum ya dangwala yatsa, a karanta masa abin da aka rubuta da harshen da yake ji, a rubuta sunan wanda ke wurin lokacin da abin ya faru, a kuma gaya masa shekara 1 yake da ita ya shigar da takardarsa.

 Mai tambaya yana iya miƙewa.