Bayan An Sallamo Mai Ciwon Zuciya Daga Asibiti

 

Mu a nan Katako, idan ciwon zuciya ya kayar da mutum, ba mu da kasala wajen kai shi asibiti. Nan da nan a yi karo-karo, a nemo mota. Inda muke sakaci shi ne bayan an sallamo shi. Sai mu shimfiɗa masa katifa a ɗaki, mu ce kada ya motsa, mata kuma su dinga aiko da farfesu mai gishiri da Maggi. A ganinmu gata ne.

To, likitoci ba haka suka ce ba. Akwai shirin da ake yi wa wanda ya tashi daga bugun zuciya, ko aka yi masa aikin zuciya, ko zuciyarsa ta yi rauni. Ana sa shi tattaki ko tuƙa keken motsa jiki a gaban ma'aikaci, ana auna jininsa da bugun zuciyarsa, a ƙara masa kaɗan-kaɗan. A koya masa abin da zai ci, da shan magani kan lokaci, da barin taba. A Amurka akan yi zuwa 36 cikin mako 12, wato sau 3 a mako. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi guda.

Bara mun binne wani abokin cinikinmu mai sayar da hatsi, Allah Ya jiƙansa. An ce ya riƙa komawa asibiti; sau biyu ya je. Ba taurin kai ba ne, jama'a. Kuɗin mota ne, ga kuma shago ba mai tsarewa. Da kumburin ƙafa ya sauka, sai ya ajiye magani wai ya warke. Muna kallo, ba wanda ya tanka.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da likitocin zuciya da sashen gashin ƙashi, amma yana can Lamingo. Daga Katako, zuwa da dawowa da jiran layi, rabin yini ya tafi.

Don haka ga roƙonmu. A ware wani abu daga kuɗin wata na ƙungiya don kuɗin motar masu komawa asibiti. Maƙwabcin shago ya riƙe wa ɗan'uwansa ciniki ranar. A sayi abin awon hawan jini a ajiye a ofishinmu. Sannan shugabanni su rubuta wa asibiti takarda, a turo mana ma'aikaci mai jin Hausa ko da sau ɗaya a wata, da mace domin iyayenmu mata.

Sakatare zai karɓi sunayen masu buƙata bayan la'asar.